Tafinta Tsakanina da Baba

Tun a filin jirgin Alƙahira aka fara cin mu. Wani dogo ya tare mu riƙe da kwali mai sunan Baba, ya ce shi ne wakilin ejan da ya shirya mana tafiya. Gidan da aka nuna mana a waya muna Dutse har da labule da kujerun alfarma. Inda ya kai mu kuwa can saman bene ne, ba lifta, famfon banɗaki yana ɗiga, katifa ta lotsa a tsakiya. Na nuna masa hoton, ya yi dariya ya buga kafaɗata kamar mun yi wasan ƙasa tare. Kafin in gama haurowa da jakunkuna ya ɓace, lambarsa kuma ba ta sake shiga ba.

Ni Haruna nake, hatsi nake saye a Ringim da ƙauyukan Miga ina kaiwa Dutse, gidana yana Yalwawa. Ban taɓa biyan buhu ban zura hannu har gindinsa ba, don na san yadda ake zuba mai kyau a sama a cusa ƙaiƙayi a ƙasa. Ranar nan na ce wa raina, Haruna, garin nan buhu ne, kowa ka gani sai ka taɓa gindinsa.

Baba ne ya kawo mu. Manomi ne a ƙauyenmu na Miga, gero da dawa da 'yan awaki. Fitsari ya fara yi masa gardama, aka yi ta jiƙe-jiƙe, har aka kai ga asibiti. Aka ce ciwon daji ne a wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, furostet suke ce mata. Layin masu jiran a yi musu gashin ciwon da na'ura a gida ya yi tsawo, dangi suka haɗa ƙarfi, aka sayar da shanun noma, aka ce a fita da shi.

Sani ƙanena ya kamata ya rako shi, fasfonsa ne bai fito ba. Ni kuwa ɗan fari ne, kuma wanda ya san mutanenmu ya san abin da hakan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. A gidan kakata na tashi. In yana son magana da ni sai ya yi gyaran murya ya kalli bango, ko ya ce wa Sani, "Gaya wa yayanka." Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, shi ma bai taɓa ci a gabana ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, a haka muka tarar kuma a haka muka girma. To ga shi an kulle mu ni da shi a ɗaki ɗaya a ƙasar da ba mu san kowa ba.

A ƙofar asibiti muka gamu da Usmanu. Gajere ne, da farar jallabiya, ya hango hular Baba ya taho da sallama.

"Sannunku da hanya, Alhaji. Mutanen ina ne?"

Hausarsa irin ta tsofaffi ce, tana jan Larabci a baya. Ya ce kakansa ya taso daga wajen Haɗeja a ƙafa zai tafi aikin hajji, guzuri ya ƙare a Sudan, ya zauna. Shi kuma yanzu tafinta yake yi wa marasa lafiya Hausawa. Baba ya riƙe hannunsa ya ƙi saki, har da tambayarsa ko kakan nasa ya san wane da wane. Ni kuwa hannuna yana kan aljihuna. Wanda ya yi maka sallama da harshenku a ƙasar waje, ai ya riga ya san inda kake da taushi. Sai dai ba yadda zan yi, Larabcina bai wuce na salla ba.

Likitan dattijo ne mai furfura. Ta bakin Usmanu ya bayyana mana cewa ciwon nan yana cin abincinsa ne daga sinadarin da jikin namiji ke yi, wanda ke ba shi mazantaka. Ƙwayar da zai rubuta za ta toshe wa ciwon wannan hanya, ya ji yunwa ya lafa, sannan a yi gashi. Guda ɗaya kullum, a lokaci guda, a haɗiye ta da ruwa, kada a tauna, kada a daka, kada kuma a daina sai da saninsa. Daga nan ya shiga lissafa abin da maganin kan jawo. Ya yi magana mai tsawo, har yana dafa ƙirjinsa da hannu biyu. Usmanu ya kalli Baba, ya kalle ni, ya sosa ƙeya.

"Ya ce za a ji zafi da gumi da 'yar kasala."

"Shi ke nan abin da ya faɗa?" na tambaya.

"Kusan haka ne."

Kusan haka! Larabci ya yi zira'i goma, Hausa ta fito taƙi ɗaya. Na haɗiye, amma na ajiye ta a raina.

Usmanu ne ya kai mu kantin magani. Mai kantin ya fito ya rungume shi, suka sumbaci juna a kumatu. Na ce to, an zo wurin, ashe abokan cin mushe ne. Na juya kwalin gaba da baya, na ɗaga shi a rana kamar mai duba kuɗin jabu, alhali ko harafi ɗaya ban iya karantawa a jikinsa ba.

Muka kama zama. Kowace safiya in mun idar da salla sai in ɓalle ƙwaya ɗaya, in ɗora a tafin hannun Baba, in ajiye kofin ruwa a gefensa, in juya in kalli taga. Ɗa ai ba ya tsare ubansa da ido yana haɗiya. In na ji ƙarar kofi a ƙasa sai in juyo in ɗauke.

Kewar gida ta ci mu. Lokacin damina ne a Jigawa, nan kuwa sama wayam, ko gajimare na kirki babu. Baba yakan kira Sani a waya, in ji muryarsa ta saki: "Sani, an yi ruwa? Geron fadama ya fara kai? Jar akuyar ta haihu?" Sani, Sani, sunan yana fita daga bakinsa ba wahala. Ina zaune a gefe ina wanke kwanuka, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana sosa min rai. Wata tsohuwa da ke ƙasanmu ta lura da dattijo marar lafiya, ta riƙa aiko mana da miyar wani ɗan ƙaramin wake da gurasa mai zafi. Ita ma ban bar ta ba, sai na ɗanɗana na jira kafin in miƙa wa Baba. Baiwar Allah, ko sunanmu ba ta sani ba. Baba ya sha ya kalli bango ya ce, "Da an samu daddawa da an yi miya."

Gwajin jini na farko ya yi kyau. Akwai wani awo da suke yi wanda ke nuna ko ciwon yana lafawa, likita ya ce ya sauka sosai. Na yi hamdala, har na ɗan saki fuska da Usmanu.

Bayan nan ne Baba ya sauya. Ana zafi kamar a bakin murhu, shi kuwa ya ɗora babbar riga ko a cikin ɗaki. In zai sake kaya sai ya shige banɗaki ya sa sakata. Yana zaune sai gumi ya karyo masa, fuskarsa ta yi jawur, ya kama fifita da hannun riga. Wata rana a motar haya wani ya buge shi da gwiwar hannu a ƙirji, na ga ya runtse ido ya cije leɓe. Na so in tambaya, amma da wane bakin? Na ce wa iska, "Ko akwai inda ke ciwo?" Shi ma ya amsa wa iska, "Lafiya lau."

Sai kuma ƙus-ƙus ya fara tsakaninsa da Usmanu. In na sauka sayen burodi, in dawo in tarar sun haɗa kai, da ganina su yi tsit. Ruwa ba ya tsami banza. Na ce mutumin nan ya gano dattijo mai sauƙin kai, yana neman ya janye shi wani asibitin da ake ba shi la'ada.

Ranar komawa wurin likita, Usmanu ya ja ni gefe a baranda.

"Malam Haruna, yau ka ɗan jira a waje, mu shiga da Alhaji."

"Saboda me?"

"Akwai maganar da ta fi kyau a yi ba ka nan."

"Wallahi ƙafata ƙafarsa. Ni na kawo shi, ni zan mayar da shi. Duk abin da za a faɗa a faɗa a kunnena."

Ya sake roƙona a zuwa na gaba, na sake ƙi. Nakan ja kujera in zauna daf da Baba, idona a bakin tafinta. Likita ya tambayi Baba ko akwai damuwa, Baba ya kalli takalminsa ya ce babu.

Gwaji na gaba ya lalace. Awon da ya sauka ya juyo yana hawa. Likita ya cire tabarau ya tambaya ko ana shan maganin kullum.

"Ka gaya masa da hannuna nake ba shi," na ce. "Ko rana ɗaya ba a tsallake ba. In yana so in rantse da Alƙur'ani a kawo."

Likita ya mayar da tabarau. Ya ce in haka ne, wataƙila ciwon ya fara ƙin jin maganin, sai an ɗauki hoton ƙashi a ga ko ya bazu, kuma a yi tunanin magani mai ƙarfi wanda jikin tsoho ba lallai ya ɗauka da sauƙi ba. Na tuna shanun da aka sayar, na tuna Inna da ta ce min a bakin mota, "Ka dawo min da shi a kan ƙafarsa."

A raina na gama yanke hukunci, ƙwayar jabu ce. Na ɗauki kwalin na tsallaka kogin da ya ratsa garin ni kaɗai, na shiga kantunan magani ina nunawa da hannu da 'yar Turancina. Kowa ya duba sai ya ce mai kyau ne. Maimakon hankalina ya kwanta, sai na ce ashe bakinsu ɗaya duk garin.

Da la'asar Usmanu ya zo gida da takardar ɗaukar hoto. Ko zama ban bari ya yi ba.

"Kai, tsaya nan. Nawa mai kantin yake ba ka?"

"Subhanallahi, Malam Haruna!"

"Kada ka yi min subhanallahi! Tun ranar farko na ga kana yanke maganar likita. Me ya faɗa yana dafa ƙirji da ka ɓoye? Me kake raɗa wa tsohon nan in na ba da baya? Alli kuka sayar mana, kuna jira ciwo ya ci ƙarfinsa ku kai mu inda za a yanke mu!"

Ban san lokacin da na cakumi wuyan jallabiyarsa ba. Baba ya yunƙura daga kan katifa zai raba mu, kansa ya bugi hannuna, hularsa ta faɗi. Tsofaffin garinmu a cikin hula suke ajiya, goro ko allura ko laya. Abin da ya faɗo daga ta Baba ƙunshin takarda ne. Ya warware, fararen ƙwayoyi suka watsu a kan tayil suna gangarawa, wata ta shige ƙarƙashin katifa, wata ta zo ta tsaya a jikin ɗan yatsan ƙafata.

Na saki Usmanu. Ƙwayoyin da nake ɗora masa a hannu ne ina juya baya, ashe ruwan kawai yake sha.

Baba ya koma ya zauna, kansa ba hula, abin da ban taɓa gani da rana ba. Ya juya fuskarsa ga bango. Can ya yi gyaran murya.

"Malam Usmanu."

"Na'am, Alhaji."

"Ka gaya masa ba ka da laifi. Kai ma ba ka san na daina ba."

Usmanu ya gyara wuyan rigarsa, ya juyo gare ni, ya maimaita da Hausa kamar daga Larabci yake ɗaukowa. "Alhaji ya ce ba ni da laifi." Ban yi dariya ba, shi ma bai yi ba.

"Ka gaya masa," Baba ya ci gaba, "maganin nan ya taɓa ni inda ba a faɗa. Ƙirjina ya taso irin na 'yan mata, ko riga ta goga sai na ji har raina. Abin da namiji yake ji shi namiji ne, ya tafi. Na zaci an yi kuskure an ba ni maganin mata. Na so in tambayi likita, to ta yaya, yana zaune a gefena?"

Usmanu ya faɗa min, kansa a ƙasa. Sannan ya ƙara nasa: "Abin da likita ya faɗa ke nan ranar farko, Malam Haruna. Ya ce maganin yakan sa haka, ba kuskure ba ne, kuma in ya faru a gaya masa. Na kalli uba na kalli ɗa, bakina ya ƙi. Kakana har ya rasu bai kira sunan babana ba, na san irin zaman da kuke. Na ce zan faɗa wa Alhaji a keɓe, na yi ta ja har abin ya riga ni. Da ya gaya min, na ce mu kai wa likita, kai kuma ka ƙi fita."

Baba bai gama ba.

"Ka gaya masa ba mutuwa nake tsoro ba. Na ci shekaruna. Amma ranar da na cika, liman da dattawan gari ne za su kwance min riga su yi min wanka. Mutanen da muka yi noma tare, muka yi kokawa muna samari. Su ga ƙirjina haka? Su fita su yi shiru, kowa ya tafi da shi a cikinsa? Gara in koma ga Ubangijina da jikin da ya ba ni."

Wannan karon Usmanu bai iya maimaitawa ba, kuma ba a buƙata. Na durƙusa ina tsince ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya don kada a ga idona. Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina ya kama ni. Na yi ta gadin ƙofa kada ɓarawo ya shigo, ashe ni na tsare hanyar da maganar za ta fita.

Na miƙe, na kalli Usmanu, don ba zan iya kallon Baba ba.

"Ka gaya masa, in ranar ta zo ina raye, ni zan yi masa wanka. Ni kaɗai, in rufe ƙofa. Liman ya tsaya a waje ya faɗa min yadda ake yi. Ba idon da zai gan shi sai nawa, nawa kuma ba ya magana. Amma ka gaya masa ya taimake ni ya sha maganin nan, don ban shirya wa ranar ba."

A garinmu ɗa ba ya wanke ubansa, balle ɗan fari. Usmanu ya juya ya faɗa masa kalma bayan kalma, bai rage ko ɗaya ba. Baba ya daɗe yana kallon bango. Sannan ya miƙo hannu ta baya, ba tare da ya juyo ba. Na zaci ƙwaya yake nema, ashe hularsa ce. Na karkaɗe ta na ɗora masa a hannu.

Washegari muka koma asibiti. Suka shiga su biyu, ni na zauna a benci a waje kamar almakashin da aka gama aiki da shi. Da suka gama aka kira ni. Likita bai yi faɗa ba, har ma kamar ya ji sanyi, don ya ce gara wannan da a ce ciwon ne ya ƙi magani. Na nuna masa ƙwayoyin da na tsince, na ce ko a riƙa ba shi bibbiyu a rama na baya. Ya ɗaga hannu da sauri. Ba a ramuwa, ba a haɗa biyu, waɗanda suka sha gumin hula kuma a bar masa su a nan. Ya ce kumburin ƙirji da ciwonsa akwai abin da ake yi musu, da an faɗa da wuri ma da an tare su. Ya ce za a riƙa duba jinin hanta, kuma in ido ya yi ɗorawa ko fitsari ya yi duhu a zo da gaggawa. In mun koma gida a ɓoye maganin inda yara ba sa kaiwa, mace mai ciki kada ta taɓa shi, kada a haɗa shi da jiƙo sai an tambaya, kada kuma Baba ya ɗiba ya ba wani tsoho don shi ma fitsari yana damunsa. Wannan ta ƙarshe na san da Baba ake, don mutum ne da ba ya iya ganin aboki yana ciwo yana riƙe da magani.

Awon ya sake sauka, aka yi gashin, muka ci wahalarsa. Ranar tafiya na nemi gafarar Usmanu. Ya ce ya yafe, amma jallabiyarsa ba ta yafe ba, sai na aiko masa da fura daga Haɗeja. Har yau ban yarda da dogon filin jirgi ba, kuma in na sake ganinsa sai mun yi ta.

Yanzu Baba yana Miga, ni ina Yalwawa. Ƙirjin bai koma yadda yake ba duka, babbar riga ta zama kayansa ko a gona. Bai kira sunana ba, ban kuma sa ran zai kira ba. Sai dai mutumin da a da bai taɓa buga min waya ba, yanzu kowace safiya in an fito masallaci sai wayata ta yi ƙara. Ba gaisuwa, ba tafinta a tsakani. In ji gyaran murya, in ji ƙarar kofi an ajiye a ƙasa.

"A gaya masa an sha," in ji Baba.

Ni kuma in ce, "A gaya masa an gode."